Rijiyar da Yaya Ya Ce Ita Ce Ta Ƙarshe

Ni ban zaɓi haƙar rijiya ba, tarar da ita na yi a gidanmu, yadda wani ke tarar da maƙera ko marina. Kakanmu ne ya taho da ita daga Barno, shi da dagi da igiya da wani harshe da ya ƙare a bakin ubanmu. Mu da muka tashi a ƙasar Kano Hausa kaɗai muka iya, sai in ana son tsokanarmu a tuna mana cewa Barebari ne mu. Ni da Yayana muka gaji sana'ar, muka yi ta yawo da ita a garuruwan gabas da birni, rani bayan rani, har gemuna ya soma furfura, nasa kuwa ya yi fari fat. Gida dai da suna muke da shi: ɗakuna ne a gidan wani ɗan'uwan babarmu, ba gona, ba rumbu. Da damina mu yi ƙwadago a gonakin mutane, da an kai amfani gida mu naɗe igiya mu kama hanya. Matata ta gaji da zaman jira tun da daɗewa ta koma gidansu, ban kuwa ga laifinta ba. Ta Yaya ce mai taurin rai, duk inda muka sa ƙafa tana biye da tukunyarta.

Abin da kakanmu ya bar mana wanda ya fi dagin daraja shi ne sunayen ƙasa. Wanda bai taɓa sauka ba yana zaton ƙasa abu guda ce tun daga sama har inda Allah ya tsayar da ita. Ina! Hawa-hawa take, wannan shimfiɗe a kan wannan kamar tabarmin da aka jibge a ɗaki, kowace da launinta da warinta da halinta. Ta saman da manomi ya sani, mu fata muke ce mata, don ba ta da wani kauri. In ka yaye ta sai ja, sai burji mai cin farce, sai marmara, wadda ke sa mutum ya tuna duk laifin da ya yi wa iyayensa. In Allah ya sa ka huda marmara sai ka faɗa farar ƙasa mai laushi, wadda mata ke roƙonmu su shafe ɗaki da ita. Bayan fara kuma akwai wata laka mai duhu, mai sanyi a harshe, in ka matse ta a hannu ta riƙe shatin yatsunka. Wannan ita muke kira mai albishir. Duk inda kakanmu ya haƙa, da ubanmu, da mu kanmu, in dai ta fito to yashin ruwa na nan ƙarƙashinta, ba nisa.

Sunan kuma ba kowa ke kiransa ba, aikin babba ne. In sabuwar ƙasa ta fito a kwando, babba zai ɗiba a bakin rami, ya murza, ya sansana, ya ɗora a harshe ya tofar, sannan ya kira sunanta da ƙarfi kowa ya ji, a zuba ta a nata tsibi dabam. Ba ma haɗa tsibi. Mai wucewa in ya dubi tuddan da ke kewaye da ramin ya san inda aka kai ba sai ya tambaya ba. Suna kuwa in ya fita daga bakin babba ba a mayar da shi, domin da shi gari ke aiki: da jin an kira mai albishir za a yanka akuya, a sare itacen bakin rijiya, a kai fata wajen baduku ya ɗinka guga. Mai haƙar da ya kira yau ya warware gobe, ba wanda zai sake ba shi ko ramin shuka.

A shekarar da nake ba da labari tari ya riga ya kama Yaya. Iskar ƙasan rami ba ta barin mutum haka nan. Da can in ya hau sai ya karkaɗe jiki ya nemi fura, amma yanzu sai ya kwanta rub da ciki a bakin rami yana haki, mu tsaya a kansa muna kallo. Ran nan ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Na gaji da shiga rami da ƙafafuna. Wanda ya rage, a kai ni a kafaɗa."

Na ce, "To ka zauna mana, wa ya hana ka?"

Ya ce, "In zauna a ina? A kan me?"

Abin da yake so ba wani abu ba ne mai yawa: gona tasa, da ƙofar gida da zai shimfiɗa buzu da hantsi ba wanda zai ce masa tashi.

A kasuwar Dawakin Tofa muka ji labarin. Wani mai gari can yamma, wajen Shanono, yana neman masu haƙa. Mahara daga arewa sun dame su, sun taɓa kwashe musu shanu da mutane a fili, shi ne suke son su matsa gindin wani dutse inda in an ji ƙura za a haye sama. Abin da ya hana su tashi ruwa ne, don rafinsu yana nesa da dutsen. Mai garin ya ce duk wanda ya fito masa da ruwa a gindin dutse, ya ba shi gona da filin gida, nasa har jikoki. Yaya bai ko tsaya ya sayi gishirin da aka aike mu ba. A hanya ya ce mini, "Wannan ita ce ta ƙarshe." Na ce Allah ya sa, don ni ma gwiwoyina sun fara yi mini magana.

Muka ɗora wa jaki kaya mu uku, har da matar Yaya, muka nausa yamma. Ƙasa ce mai jama'a, gona na kama gona, ba ka fita inuwar ɗorawar wani sai ka shiga ta gawon wani, jakuna na ta kai taki ta burtali. Amma da muka yi nisa sai hanya ta fara yin tsakuwa, duwatsu suka soma leƙowa ta bayan itatuwa. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, ban taɓa kafa dagi kusa da dutse ba, Yaya ma haka.

Mai garin Bafillace ne, dogo, mai son raha, ka san kuwa tsakaninmu da Fulani sai wasa. Da muka faɗi muka yi gaisuwa sai ya ce, "Ashe har yanzu akwai Barebarin da ke da amfani?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo mu shayar da shanunka ne, tunda ku bin su kawai kuka iya."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Da kansa ya kai mu ya nuna mana gonar. Saura ce ta wani da ya rasu ba magaji, tana kwance a gefen hanyar rafi, da ɗorawa a tsakiyarta da gawo a gefe. Yaya ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya daɗe yana murzawa. Matarsa kuwa tuni ta shiga auna wuri da ƙafa. Na ce, "Matarmu, ko digon ruwa ba a gani ba kin fara gina rumbu?" Ta ce, "Kai dai maigida ƙarami, riƙe bakinka ka riƙe igiya." Ban taɓa ganin ta tana tafiya da sauri haka ba.

Kashegari muka zagaya dutsen neman inda za mu kafa dagi. Dutse ne mai faɗin kai kamar an yanke shi da wuƙa. A wani gefe ruwan sama ya zaizaye shi ya yi kwazazzabo mai zurfi, muka sauka ciki. Nan fa Yaya ya tsaya cik. Ga ƙasar nan a tsaye a fili, rana na haska ta, hawa bisa hawa, ba wanda ya zubar da gumi a kanta. Duk rayuwarmu a cikin duhu muke saduwa da su, ɗaya bayan ɗaya, ba mu taɓa ganin su tare ba sai ranar. Ya bi bangon yana shafawa da tafin hannu yana kiran su ƙasa-ƙasa, ga ja, ga burji, ga marmara, ga fara can gindi inda yashin ambaliya ya binne saura. Daidai yadda kakanmu ya jera su, ko ɗaya ba ta tsallake 'yar'uwarta ba.

Ya ce, "Ka gani? Ragowar biyun suna nan ƙasa suna jiranmu."

Na ce haka ne. Wallahi ko kusa bai zo mana a rai ba cewa ƙasa na iya fara karatu yadda muka sani ta ƙarasa shi yadda ta ga dama. Jerin da muka gada jerin ƙasar da ba dutse ne, amma mu a wajenmu jerin duniya ne. Akwai wani maƙeri a garin da ke tonon tama a jikin dutsen, na tambaye shi abin da ke ƙarƙashin fara. Ya ce shi iyakarsa marmara, ƙasa da nan ba ƙarfe, me zai je nema? Ba wanda ya taɓa sauka a wurin, balle ya faɗa mana.

Muka kafa dagi da bismillah. Aiki ya tafi lafiya lau, mai gari ya ba mu majiya ƙarfi masu jan kwando, ni da Yaya muna karɓa-karɓa a ƙasa, ko da yake na fi shi daɗewa don in rage masa. Marmarar wurin ta ba mu wuya, maƙerin nan ya gaji da gyara mana bakin dagi, amma muka huda ta. Tsibi ya bi tsibi. Da fara ta fito mata suka yi ta zuwa da ƙorai suna ɗiba. Tun daga ranar bakin ramin bai sake rabuwa da mutane ba, don an gaya musu abin da ke biye.

Ni ke ƙasa ranar da dagi ya nutse cikin abu mai laushi. Na damƙo, na ji sanyi, na matse ta riƙe yatsuna. Na cika kwando na girgiza igiya, na biyo bayansa ina hawa kamar yaro. Na tarar da Yaya riƙe da ita a rana. Launin shi ne, sanyin shi ne, sai dai akwai wani ƙyalƙyali a cikinta, ƙanana-ƙanana kamar an barbaɗa kwalli, tana kuma da ɗan gurzar harshe. Ni na gani, shi ma ya gani. Ya daɗe yana murzawa fiye da yadda ya saba. Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa, don ban san wata laka mai duhu a bayan fara ba in ba ita ba. Ya ce a hankali, "Kowace ƙasa da irin kwalliyarta." Sannan ya miƙe ya ɗaga murya ya ce, "Mai albishir!"

Kai, ranar an yi guɗa. Aka yanka akuya, aka yi tuwo, mai gari ya ce ashe Barebari ma Allah na jin addu'arsu. Ba a ko jira ganin ruwa ba mutane suka fara tashi. Sai ka hango jinkar ɗaki tana tafe a cikin gonaki, maza a ƙarƙashinta ba ka ganin komai nasu sai ƙafafu, wata na bin wata, ana waƙa. Aka kafa danga, aka dasa turaku, aka kawo turame da duwatsun niƙa. Kafin mu ƙarasa cire lakar nan rabin gari ya dawo gindin dutse.

Sai dagi ya yi ƙara. Wanda ya yi sana'ar ya san amon, ba irin na marmara ba ne, wannan har cikin haƙora za ka ji shi. Na matsa gefe na sake bugawa, tartsatsi ya tashi. Na share da hannu ko'ina, na bi gefe-gefe ina neman tsaga ko ta shigar farce, babu. Falalen dutse ne, baƙi-baƙi, da ƙyalƙyalin nan a jikinsa, ya cika gindin ramin daga bango zuwa bango. A nan na gane abin da muka ɗanɗana. Ba laka ba ce, saman dutsen ne ya ruɓe ya yi laushi, danshin da ke cikinsa kuwa guntun ruwan damina ne da ya rasa hanyar wucewa.

Yaya ya sauka da kansa. Ya daɗe ƙwarai, muna jin bugun dagi, ya yi shiru, ya sake. Da ya hau yana riƙe da ɗan ɓarɓashin dutsen, ya kai shi harshe don sabo. Mutane suka yi tsit suna jiran suna. Ya juya abin a hannu, ya ajiye shi a ƙasa can gefe shi kaɗai, ya nemi wuri ya zauna. Babu sunansa a abin da muka gada, Yaya kuwa ba zai ƙaga ba.

Da aka watse na same shi na ce, "Yaya, mu je mu faɗa wa mai gari gaskiya. Ƙasar nan ba tamu ba ce, ba mu san ta ba."

Ya ce, "Na kira suna."

Na ce, "Ka kira, to sai me? Dutse ya ji ka ne?"

Ya ce, "Mutane sun ji ni. Dubi can." Ya nuna sababbin dangogin da haɓa. "Da bakina suka ɗauko ɗakunansu."

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganun da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba, ko a jikinsa. Cewa ya yi dutse ma ai yana da ƙarshe, ruwan na ƙarƙashinsa.

Maƙerin ne ya ba da shawarar wuta. A cika gindin rami da kara da itace a cinna, dutse ya yi zafi, sannan a sheƙa masa ruwa ya tsage. Haka muka shiga yi. Ruwan kuwa daga rafin nan mai nisa mata ke ɗauko shi a ka, su zo su juye a rijiyar da aka haƙa don a hutar da su. In wuta ta mutu, rami ya huce, a sauka a ɓanɓaro abin da ya tashi, wani lokaci kaurin tafin hannu, wani lokaci ko hakan babu. Hayaƙi kuma ba ya fita, yana kwance a ƙasa yana jiran mai zuwa, mu zura reshe mai ganye mu yi ta sama da ƙasa da shi, duk da haka in ka sauka idonka ya yi ta zuba. Yaya ya ce shi zai riƙa sauka, tunda bakinsa ne ya jawo. Na ce bai isa ba. Muka yi ta jan igiya a gaban mutane kamar yara, tsofaffi biyu, abin kunya. Matarsa ta durƙusa ta ce, "Malam, don Allah don Annabi ka bar wa ƙaninka." Ya ƙetare ta ya sauka.

Haka rani ya tafi. Na je can ƙasa-ƙasa wajen kwari na buɗe wani ramin ni kaɗai, ko Allah zai sa a dace, dutsen nan ya tare ni tun ban kai tsawon mutum biyu ba. Tsibin da ba shi da suna ya yi ta girma har ya fi sauran. Masu jan kwando suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ɗansa ba lafiya, wancan an aike shi. Ban ga laifinsu ba. Wata rana na ji wata mata tana sauke tulu tana cewa, "Ikon Allah, rijiyar Barebari, ita ake kai wa ruwa." Sauran suka kwashe da dariya, ni ma da ba a kaina abin yake ba da na yi. Zafin bazara ya sauko, kakin da Yaya ke tofarwa ya koma baƙi kamar gindin tukunya. Ni kuwa na gaji gajiyar da barci ba ya maganinta, in na farka da asuba sai in ji haushin gari ya waye. Ranar da hadarin fari ya zubo ramin ya tara ruwa, yara suka yi ta ihu, kafin kwana kaɗan ya koma laka.

Mai gari ya aiko a kira mu. Muka tafi muna zaton korar mu za a yi, matar Yaya har ta fara ɗaure kaya. Muka same shi a gindin tsamiya da dattawa, yau ba wasa a fuskarsa. Ya dubi Yaya ya ce, "Malam, na ga aikinka da idona. Ruwa na Allah ne, bai ba mu a nan ba. Amma mutumin da ya zuba ƙirjinsa a ramin garina ba zai tafi hannu wofi ba. Gonar nan taka ce, da filin gidan. Dattawa, kun ji." Suka ce sun shaida. Sannan ya ɗan murmusa ya ce, "Ko ba komai ma samu Barebarin da za mu riƙa zagi."

Ban ɓoye ba, hawaye na yi. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ji na yi kamar an sauke mini dami daga ka. Yaya ya yi godiya yadda ya kamata, ya yi addu'a, muka tashi.

Daminar nan ita ce mafi daɗin abin da na sani a duniya. Muka yi sassabe, muka shuka gero da dawa, muka ratsa wake a tsakani. Kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini ya cika, ba mai zuwa rafi, maganar rijiya ta kwanta. Yaya ya yi ƙiba, tarin ya ragu, har na ji shi yana waƙa a bakin huɗa, shi da ban taɓa sanin yana da murya ba. Matarsa ta sami kaji, ta gina rumbunta daidai inda ta auna da ƙafa, tana yi tana yi mini gori. Da kaka muka ɗaure dammunan hatsi muka loda, Yaya ya tsaya yana kallon rumbun ya ce, "Yau dai ba na wani ba ne." Ya sami buzunsa, ya sami ƙofar gidansa, da hantsi ya fito ya zauna da carbi.

Sai kududdufi ya ƙafe.

Na faɗa tun farko cewa gonar a gefen hanyar rafi take. Tun da sassafe mata za su fara wucewa ta ƙofarmu da tuluna, waɗanda suka taso saboda kiran Yaya, tafiyarsu yanzu ta ninka ta da. Komawa tsohon gari kuma ba ta yiwuwa, an riga an nome kufan, ga tsoron mahara. Ba wadda ta taɓa yi masa ko kallon banza. Kowace ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba," ya amsa. Da rana ta take su dawo, wuya ya sage, gumi na bin gammo, su sake cewa, "Sannu da hutawa, Baba." Ya amsa wannan ma. Bayan 'yan kwanaki ya janye buzun zuwa cikin zaure. Daga nan ya mai da shi bayan ɗaki. Matarsa ta ce mini ko a can yana jin takunsu, don da sun fara wucewa sai carbin ya tsaya a hannunsa.

Wata rana wata yarinyar mace mai tsohon ciki ta tsaya a ƙofarmu a hanyar zuwa, tulunta wofi, ta jingina da danga tana numfashi. Ta yi sallama ta ce a taimaka mata da ruwa ta jiƙa maƙogwaro, a yi haƙuri, ta san kowa da wuya yake samu. Matar Yaya ta ɗebo mata a moɗa daga wanda ita ma ta ɗauko jiya. Yarinyar ta sha rabi ta mayar da rabi, ta yi godiya, ta gyara gammo ta wuce. Yaya na tsaye a bakin zaure yana kallo har ta ɓace a burtali.

Kashegari da hantsi na dawo daga gona na tarar ya sauko da igiya daga rataya ya warware ta a tsakar gida, yana bin ta taƙi-taƙi yana duba inda ta ci.

Na ce, "Me ke nan?"

Ya ce, "An ce ana neman masu haƙa can gabas. Ƙasar da muka sani."

Na ce, "Haba Yaya! Haba! Wa ya kore ka? Wa ya ce maka ko kanzil? Mutanen nan sun yafe, mai gari ya ba ka a gaban dattawa!"

Ya ce, "Na sani. Da zagina suke yi da na iya zama."

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce ya tuna ƙirjinsa, ya tuna matar nan da ta bi shi shekara da shekaru da tukunya a ka. Ya ce duk ya tuna, amma shi ba zai iya cin tuwon gonar nan yana amsa gaisuwar masu tulu ba har ya mutu. Matarsa na bakin murhu tana jin mu. Ta tashi ta kama kajinta ɗaya-ɗaya ta kai wa maƙwabta, ta dawo ta tsaya a gaban rumbu ta daɗe, sannan ta shiga ɗaki ta fara naɗe tabarma. Ranar ban tsokane ta ba, ita ma ba ta tsokane ni ba.

Mai gari ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da ya ga ba hali ya ce to ni in zauna in riƙe gonar. Allah ya sani na so, har na kwana ina lissafin inda zan shuka gyaɗa baɗi. Amma tsoho mai tari in ya sauka rami, wa zai ji canjin numfashinsa ta igiya in ba ni ba? Muka ɗebi abin da jaki zai iya ɗauka, sauran hatsin Yaya ya ce a raba wa gidajen da suka taso.

Garin da muka je ƙasarsa mai sauƙi ce, irin wadda muka saba. Ni na buɗe ramin na kai shi inda ba a ganin kan mutum. Da lokacin canji ya yi na hau na ce ya bari in huta kaɗan in koma, ya yi kamar bai ji ba. Ya tuɓe riga, ƙibar damina duk ta zube, ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zauna a bakin rami ya zura ƙafafu, ya jira tarin ya lafa. Na kafa dugadugaina a ƙasa na naɗe igiyar a hannu.

Ya ce, "Sassauta."

Na sassauta.